Mai Martaba ko Amina: wanne za ki fara kalla?

'Yar'uwa, kin ce hidimar karatu ta raba ki da kallo, yanzu kin dawo gida Daura kin samu sarari, kuma finafinan sarauta biyu ake ta ambata miki: Mai Martaba da Amina. Kina son sanin wanda ya cancanci lokacinki da datarki, musamman da yake tare da Inna za ku zauna. Ki fara da Mai Martaba. Amina ki ajiye shi sai ranar da kike ke kaɗai ko ke da ƙawayenki.

Dukansu a kan abu ɗaya suka ginu, wato mace da gadon sarauta. Amina ya fito a Netflix a watan Nuwamba na 2021. Izu Ojukwu ne ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar Zazzau, akwai kuma Ali Nuhu a ciki. Mai Martaba na 2024 ne, aikin Prince Daniel wanda aka fi sani da Aboki, Adam A. Zango na cikin 'yan wasansa, kuma a nan Daura aka ɗauke shi. Labarinsa a wata ƙagaggiyar masarauta yake faruwa mai suna Jallaba, inda sarki ya nuna 'yarsa Sangaya ce za ta gaje shi, su kuwa masu ganin gadon nasu ne suka ce ba a yi ba.

Inda suka rabu na farko shi ne baki. Amina da Ingilishi aka yi shi. Mai Martaba da Hausa. Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne tunda akwai fassara a ƙasan allo, amma a fim ɗin fada ba ƙarami ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Daura ranar hawan Sallah ko na Gani ya san rabin sarauta a magana take. Yadda bafade yake faɗuwa ya yi gaisuwa, yadda dogarai suke amsawa a madadin sarki, kirarin da maroƙi yake jerowa, da yadda shi sarkin yake taƙaita zance a bayan amawali har kalmarsa ɗaya ta fi ta kowa nauyi. Waɗannan ba ado ba ne, da su ake gane wane ne sama, wane ne ƙasa, wa aka yi wa fushi, wa aka ɗaga. A Mai Martaba kunnenki zai kama su kai tsaye, Inna ma ba sai kin riƙa tsayar da fim kina yi mata bayani ba. A Amina kuwa ga rawani ga doki ga ganuwa, amma da an buɗe baki sai ki ji kamar baƙi ne suka ari kayanmu suka sa. Hatta Ali Nuhu, wanda muka san abin da yake iya yi da Hausa, an ɗaure masa hannu a nan.

Harshen nan ne ma ya buɗe wa Mai Martaba ƙofa. Rukunin finafinan ƙasashen waje na gasar Oscar yana da sharaɗin cewa fiye da rabin maganar fim ta kasance ba da Ingilishi ba. A kan wannan sharaɗi aka cire fim ɗin Najeriya Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar a 2019. A 2024 kwamitin Najeriya ya zaɓi Mai Martaba ya wakilci ƙasar. Bai shiga jerin 15 da aka tace ba, kyautar ma Brazil ce ta ɗauka a 2025, amma fim ɗin da aka ɗauka a garinmu da harshenmu ya tsaya da sunan Najeriya gaba ɗaya, kuma ni wannan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Kada ki ɗauka Amina aikin banza ne. Ta fuskar girman aiki, fagen fama, yawan jama'a da ɗaukar hoto, an zuba ƙoƙari, kuma shi ya ci kyautar fim mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMVCA a 2022. Idan abin da kike nema ke nan, dawakai da takubba da ƙura, zai biya miki buƙata. Sai dai akwai jini, akwai soyayya, akwai sha'anin bokanci, irin abubuwan da za su sa ki riƙa satar kallon fuskar Inna.

Abin da ya fi damuna da shi shi ne tarihi. Amina 'yar Bakwa Turunku ba ƙagaggiya ba ce. Tsohon littafin Tarihin Kano ya ambace ta, ya ce yaƙinta ya kai Kwararrafa da Nufe, har Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa Katsina da Kano sun biya ta haraji. Har gobe ana kiran wasu tsofaffin ganuwoyi da sunanta. Wannan mace ce mai mulki da kasuwanci da dabarar tsare gari. Fim ɗin ya ɗauki sunanta ya cika gurbin da ƙirƙira, ya fi ba da ƙarfi ga jarumtar takobi da al'amarin zuciya. Yaron da bai karanta komai a kanta ba zai tashi yana zaton haka aka yi. Mai Martaba bai ɗora wa kansa wannan kaya ba. Tunda Jallaba babu ita a taswira, yana da damar ya ƙaga abin da ya ga dama, ba wanda zai ce an yi wa kakarsa ƙarya.

Amma fa ki ja kunnen yaran gida, kada don sun gane wuraren da aka ɗauki fim ɗin su ce tarihin Daura ne. Namu daban ne, kuma ya ma fi na fim ɗin ƙarfi a kan wannan batu. A Jallaba ana tashin hankali don za a naɗa mace ɗaya. A Daura, bisa abin da aka gada, mata ne suka yi ta mulki a jere tun daga Kufuru har zuwa Daurama, wadda a zamaninta Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu. Sarautar Magajiya ma tana nan a fadar har yau. Ina jiran ranar da wani zai yi fim ɗin waɗannan sarauniyoyi da Hausa, da irin kuɗin da aka kashe wa Amina.

Mai Martaba ma yana da nasa rauni. Rikicin gado da cin amana a fada hanya ce da aka sha bi, mai yawan kallo zai hango inda labarin zai juya kafin a kai wurin. Akwai sababbin fuskoki da yawa, kuma ba duka ne suka kai Adam Zango gogewa ba. Ban ga waɗannan sun isa su hana ki kallo ba.

In kin tashi nema, ki bi halastacciyar hanya, kada ki karɓi kwafin masu turawa a waya. Hoton yakan dushe, sautin ya shaƙe, fim ɗin da daɗinsa yake a magana kuwa ba ya jure wannan. Ga shi kuma ko kwabo ba ya komawa ga waɗanda suka sha ranar Daura suka yi aikin.