Tarkon bokitin da na saya a Garwa saboda tsutsar masara

Damina uku tsutsar nan tana ɓarna a gonata ta Ngong da ke arewacin Kamaru, amma ban taɓa sanin kamannin iyayenta ba sai bana, da na sayi tarko a wani shagon kayan noma a Garwa. Bokitin roba ne mai rumfa da mazurari, sai wata 'yar roba mai ƙamshin macen ƙwaron da ake maƙalawa a sama. Na rataye shi a sanda, tsayin mita ɗaya da rabi.

Da safe na buɗe, sai ga wasu 'yan malam-buɗe-littafin dare, masu launin toka da ƙasa-ƙasa. Ko ka shimfiɗa fikafikan ba su wuce santimita 4 ba. Na sama suna da farin tabo a can ƙarshe, na ƙasa kuwa farare ne masu ɗan sheƙi, da baƙin layi a gefe kamar an yi wa zane dajiya. Ɗana da ke karatun noma ya duba ya ce, "Baba, shi ne. Spodoptera frugiperda sunansa, daga dangin Noctuidae masu yawon dare." Wai asalinsa nahiyar Amurka, sai 2016 aka fara ganinsa a Afirka. Baƙo ke nan da ya fi ɗan gari ƙiba.

Ga inda raina ya ɓaci. Mai shago ya bar ni na tafi da zaton maganin tsutsa na saya. Ashe maza kaɗai yake kamawa, macen kuwa tana can tana zuba ƙwai ɗari ko ɗari biyu wuri guda a bayan ganye. Ƙamshin ma wata guda ya yi ya sane. Na koma na ce, "Alhaji, a ba ni wata robar," ya ce sai an kawo. Har na karya masara ba a kawo ba.

Duk da haka ban yi nadama ba. Ranar da na ga sun yi yawa a bokiti, na bi layi-layi ina leƙa zuciyar masara, na murtsuke ƙwai, na yi feshi tsutsa tana ƙarama, kafin ta shige ciki inda magani ba ya kaiwa. Sau biyu kawai na yi feshi bana.

Wanda zai saya, ya haɗa da robar ƙamshi uku tun a shago, ya kuma koyi gane farin tabon nan, don wasu ƙwarin dare ma sukan faɗa ciki su ruɗa lissafi.