Linux ko Windows, wacce zan sa a kwamfuta?

Tambayar nan ta yi yawa wallahi, musamman tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, ga Windows 11 kuma ba ta yarda da tsofaffin kwamfutoci marasa TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta.

Wajen kuɗi dai Linux kyauta ce, ka sauke wani nau'inta kamar Ubuntu ko Linux Mint ka ɗora, babu kuɗin lasisi, kuma a buɗe take kowa na iya duba yadda aka rubuta ta ya gyara, shi ya sa tun 1991 da Linus Torvalds ya faro ta take ta bunƙasa har Android ma a kanta aka gina shi. Tsohuwar kwamfutar da ke jan ƙafa sai ka ga ta farfaɗo, wannan yana min daɗi sosai.

Sauƙi kam Windows ce gaba, an saba da ita, firinta da Photoshop duk lafiya lau, a Linux sai dai GIMP a madadin Photoshop da LibreOffice a madadin Microsoft Office, wani lokacin ma tsarin takardar Word yakan ɗan hargitse. Amma bairos ya fi addabar Windows.

In aikinka ya dogara da manhajojin Adobe irin su Photoshop ko Office, zauna a Windows. Ɗalibi, mai koyon rubuta manhaja, ko mai tsohuwar na'ura, gwada Mint daga filashi tukun kafin ka goge komai.