Tsaurara doka ko sassautawa: matatar mai da iskar Damagaram

Tun da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, hanyoyi biyu ne ke gaban hukuma game da dokar kare muhalli.

Ta farko ita ce tsaurarawa: a tilasta rage farar wuta a cikin gazuwal, a tsarkake ruwan da aka yi aiki da shi kafin a sake shi, a riƙa auna hayaƙi a kai a kai. Na'urorin suna da tsada, sai an shigo da su daga waje, kuma kuɗin kan biyo farashin lita har aljihun ɗan kabu-kabu.

Sassautawa kuwa tana barin mai da araha a yau, amma asarar ba ta ɓacewa, tana komawa ne kan manomin gero da makiyayi da mai ciwon huhu, waɗanda ba a rubuta su a lissafin kamfani. A ganina ta farko ta fi, musamman a gari irin namu da ƙishirwa ta daɗe tana addaba, inda rijiyar da mai ya gurɓata kan ɗauki shekaru ba ta shayuwa.