Achtung Baby na U2: wane bugu ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya san ƙungiyar mawaƙan U2 ta kundinsu The Joshua Tree na 1987, in ya sa kundin Achtung Baby a karon farko, sai ya zaci lasifikarsa ce ta fashe. Jitar The Edge na gurnani, gangar na ƙara kamar ana dukan ƙarfe, muryar Bono kuma a shaƙe. Da gangan suka yi. Bayan sukar da suka sha kan kundinsu Rattle and Hum a 1988, sai suka tattara suka nufi ɗakin ɗaukar sauti na Hansa a Berlin cikin Oktoban 1990, daidai lokacin haɗewar Jamus. Suka kammala aikin a Dublin tare da furodusoshi Daniel Lanois da Brian Eno, kundin ya fito a Nuwamban 1991 da waƙoƙi 12.

To, wanne za ka saya?

Ni dai shawarata faifan CD guda ɗaya, ko na 1991 ko wanda aka sake bugawa a 2011 domin cikar kundin shekara 20. Kada ka damu da bambancinsu, domin ba wani gagarumin gyara aka yi wa sautin a 2011 ba. In ka samu na hannu, ka ɗaga shi a haske ka duba ƙarzuwa, ka kuma tabbatar ɗan littafin cikinsa yana nan, mai bangon nan na ƙananan hotuna 16 da Anton Corbijn ya ɗauka.

Babban akwatin cika shekara 20 shi ne mai jan ido: CD 6 da DVD 4. Abu biyu ne a ciki suka isa a buɗe aljihu saboda su. Akwai kundinsu Zooropa na 1993, inda suka ƙara nutsawa cikin kiɗan na'ura. Sai faifan Kindergarten, wato waƙoƙin nan 12 tun suna ɗanyu, kafin a gama sarrafa su. A nan ne za ka ji yadda sauyin ya samu, wasu baitocin ma daban ne da waɗanda ka sani. Amma faifai biyu cur na waƙoƙin da aka sake haɗawa domin gidajen rawa ne, kuma da wuya ka koma musu bayan jin farko. In ba U2 ta shiga ranka sosai ba, wannan kuɗin ya yi yawa.

Masu garmaho kuwa su lura. Bugun 1991 faifai ɗaya ne aka cusa masa kusan minti 55, alhali in faifai ya cika haka, ƙarfin sauti da nauyin bes, wato sauti mai kauri, ne ke raguwa, su ne kuwa ƙashin bayan wannan kundi. Na 2018 da na 2021 an raba su faifai biyu, sauti ya samu wurin sakewa. Mai tara kayan tarihi ya nemi na 1991, mai son saurare ya ɗauki mai faifai biyu.