Hattara da masu tallan "banish ɗin gilashi" na ukulele

Jama'a masu zane a jikin ukulele, 'yar jitar nan mai tsirkiya huɗu, da sauran ƙananan jita, ku yi hattara. Wasu masu talla sun ɓullo a Facebook da TikTok suna sayar da wani ruwa a kwalba marar tambari, wai banish ne na musamman daga waje. Shafa ɗaya ta isa, in ji su, zane zai yi ƙyalli kamar gilashi, ba tsagewa, ba canza launi har abada. Kuɗi kuma sai ka tura tukuna.

Wata ɗalibata ta saya. Buɗe murfin ke da wuya warin tina, ruwan tsinka fenti, ya cika ɗakin. Banish ɗin kafintoci ne mai arha, irin na nitrocellulose, aka tsinka shi aka ɗura a kwalba. Ita kuwa da fentin acrylic ta yi zanenta, kamar yawancinmu, kuma tina narkar da acrylic take yi. Burushi na hawa, launi ya fara biyo shi, furannin da ta sha wahala a kansu suka yamutse. Da ta yi magana aka ce ai ita ce ba ta iya shafawa ba, daga nan aka toshe lambarta.

Shi nitrocellulose ba abin banza ba ne, kamfanonin jita irin su Martin da Gibson sun daɗe suna aiki da shi. Amma fesa shi suke yi siriri, kuma kowa ya san yana yin rawaya yana tsattsagewa in ya tsufa. Duk wanda ya ce maka nasa ba ya canzawa, ƙarya yake shara maka.

Wasunsu kuma epoxy suke turowa, irin wanda ake zubawa a kan tebur. A bidiyo yana da kyau ƙwarai, shi ya sa ba za ka taɓa jin an kaɗa ukulelen a tallan ba. Allon fuskarta kaurinsa kusan milimita 2 ne kawai, kuma girgizarsa ce ke ba da sauti. Ka lafta masa abu mai kauri, muryar ta shaƙe, sai dai a rataye ta a bango.

In abu mai ƙarko kake nema a kan acrylic, ka nemi polyurethane mai haɗin ruwa, kamar Polycrylic na Minwax, ko banish ɗin masu zane na Liquitex ko Golden, a gwangwaninsa na asali da hatiminsa. Mai haɗin mai ya fi tauri, sai dai zai mayar maka da fari ruwan ƙwai. Ka bar fenti ya yi kwanaki yana bushewa, ka cire tsirkiyoyi, ka sa tef ka rufe gadar da ke riƙe su da kuma allon yatsu. Shafa siriri sau 3 ko 4, kana bi da sanfefa mai lamba 400 a hankali tsakanin kowace shafa. In lokacin hunturu ne, rufe taga, ƙura ba ta da kara.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce a nuna maka gwangwanin da aka ɗebo ruwan da sunan kamfanin da ya yi shi. In aka fara ce maka sirrin sana'a ne, riƙe kuɗinka. Wanda ya riga ya saya kuma, ya fara gwadawa a kan guntun katako mai irin fentinsa.