Na ɗaura wa inji kayan ƙarin ƙarfi da hannuna, daga baya na biya Masta a Suame

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, irin waɗanda ake saukewa a tashar Tema daga Amurka. Injinta mai lita 1.8 ne, wanda ake kira 1ZZ-FE, kuma otomatik ce mai giya huɗu. Shekararta shida a hannuna. Hatsi nake sayarwa a Asawase, duk bayan sati biyu kuma nakan hau hanyar Ejura in ga yadda masara da wake suka kwana, tafiyar kusan kilomita 100 daga Kumasi. Ba ni kaɗai nake zuwa ba, da abokan sana'a uku muke tafiya, kuma cikinsu babu siriri. Duk wanda ya san hanyar ya san hawan nan mai lanƙwasa kafin a shiga Mampong. A nan motar ta fara ba ni kunya. Sai in kashe na'urar sanyi, in take totur har ƙasa, ita kuwa tana ta gurnani ba ta gaba, har motar haya cike da fasinja da kaya ta zo ta wuce mu.

Ɗan yayata ne ya zuga ni. Yaro ne mai son mota, kullum yana kan YouTube yana kallon Turawa suna kwance inji a garejin gidansu, ƙasa tsaf kamar ɗakin amarya. Ya ce, "Kawu, motar nan numfashi ne ba ta samu. A cire akwatin iskan nan a sa buɗaɗɗiya, a canza fulogi, za ka ji bambanci." Na ce a kai wa fita, wato makanike. Ya ce ai kuɗin fita asara ne, aikin noti huɗu ne.

Abu uku na saya. Matatar iska mai siffar mazurari, ja, wadda ake shafa wa mai, da bututunta na ƙarfe mai ƙyalli, sidi 650. Fulogi huɗu masu kan iridiyam, sidi 480. Sai wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, tana karanta abin da kwamfutar mota ke faɗi ta turo shi cikin waya, sidi 150. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da wannan ramin, OBD-II ake ce masa. Da na faɗa wa mahaifiyata abin da na kashe sai ta ce, "Miliyan goma sha biyu da ɗoriya a kan iska?" Ita har yau da tsohon kuɗi take lissafi, na kafin 2007 da aka yanke sifili huɗu. Na yi dariya a lokacin.

Matatar ba ta ba ni wahala ba, gaskiyar yaron ke nan. Ranar Asabar bayan na sha koko da ƙosai na buɗe bonet a ƙofar gida, cikin minti arba'in na cire baƙin akwatin roba, na mayar da sensar iska kan sabon bututu, na ɗaure. Da na tayar na ɗan taka totur, sai injin ya yi wani irin ruri da ban taɓa ji daga gare shi ba. Yaran unguwa suka taru. Na zaga Aboabo sau biyu ba don ina da wurin zuwa ba. A ranar ko rantsuwa aka ce in yi, zan rantse motar ta ƙara ƙarfi.

Hawan Mampong ne ya ƙaryata ni. Ƙara ta ƙaru sosai, gudu kuwa yana nan inda na bar shi, har ma da rana tsaka na ga kamar ta fi da nauyi. Dalilin ba boyayye ba ne, ni ne ban tsaya na yi tunani ba. Akwatin da na raina yana da hanci da ke jawo iska daga gaba, nesa da zafin inji. Tawa mazurarin kuwa tana zaune tsirara a cikin bonet, tana shaƙar iskar da ta gasu a jikin inji da lagireto. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, iskar da ke ƙona mai ta ragu a cikinta, don haka abin da na samu ta wajen faɗin hanya na mayar da shi ta wajen zafi. 'Yar na'urar nan ma ta nuna mini haka ƙuru-ƙuru, domin in na tsaya a cunkoson Tafo sai in ga zafin iskar da ke shiga inji yana ta hawa a fuskar waya.

Sai hunturu ya shigo. Ƙurar Disamba ta haɗu da man da na shafa wa matatar, wanda na yi wa yawa don ina ganin yawan shi ne alheri. A cikin sensar iska akwai wata siririyar waya da ake ɗumamawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka kwamfuta ke gane yawan iskar da ta shiga ta auna mata fetur daidai, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai. In datti ya lulluɓe wayar sai ta riƙa faɗin ƙasa da abin da ya shiga, kwamfuta ta rage mai, inji ya riƙa jin yunwa. Wata safiya wutar nan mai ruwan ɗorawa ta kama a gabana. Na soka na'ura, ta ce P0171, wato iska ta yi wa mai yawa.

Maimakon in tsaya nan, sai na ce bari in sa fulogin da ke ajiye, wataƙila su ne maganin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na kwance kwayil huɗu da sifana mai lamba 10, na fitar da tsofaffin da soket mai lamba 16. Na farko da na biyu suka shiga lafiya. Na uku, saboda ramin yana da zurfi kuma ina sauri in samu Azahar, ban fara murɗa shi da yatsa ba, na ɗora masa hannun sifana tun daga farko. Zagaye biyu ya yi ya cije. Kan injin nan alminiyam ne, fulogi kuma ƙarfe, in suka yi gardama alminiyam ne ke ji a jika. Allah ya taimake ni ban ƙara ƙarfi ba. Na zauna a kan dakali, gumi yana keto mini, ina lissafin kuɗin kan inji ko da na hannu ne.

Masta ɗan Zango ne, dattijo, tun mahaifina na da rai yake duba mana mota. Rumfarsa na cikin Suame Magazin, unguwar da in ka shiga ba ka jin komai sai guduma da injin walda, wadda aka ce sunanta ya samo asali daga ma'ajiyar makaman sojan Turawa da maƙeran farko suka zauna kusa da ita. Na kira shi, bayan La'asar ya iso a keke mai ƙafa uku da yaronsa ɗaya. Ya leƙa bonet, ya daɗe yana kallon jar matatar, sannan ya ce, "Alhaji ƙarami, wa ya yi maka wannan kwalliyar?"

Na ce, "Baba, ni ne."

"To, madalla. Mota dai ba ta zuwa biki."

Ya zare fulogin a hankali, ya haska ramin da tocila, ya ce tiredi biyu na sama ne kawai suka kwanta, wato zaren ramin da fulogi ke murɗuwa a ciki. Ya shafa wa wani ƙarfen gyaran tiredi giris don ɓarɓashin ya manne a jiki kada ya faɗa cikin silinda, ya riƙa shiga da shi kaɗan yana dawowa, yana gogewa, ya fi sau goma. Aikin bai kai rabin awa ba, amma ni ko shekara aka ba ni ban san ana yin haka ba, kuma ko na sani ba ni da hannun. Da ya gama ya miƙa mini fulogin ya ce in sa da kaina, da yatsa, har sai ya zauna, sannan a kawo sifana.

Washegari na kai motar rumfarsa, a nan ne na ga abin da ake biya. Ya sa yaro ya mayar da baƙin akwatin da sabuwar matatar takarda. Ya fesa wa sensar maganin wanke ta ba tare da ya taɓa wayar ba, ya bar ta ta bushe. Sannan ya bar injin yana aiki a tsaye, ya riƙa fesa wani ruwa a gefen da bututun iska ya haɗu da kan inji. Yana kaiwa wani lungu sai muryar injin ta canza. Gaskit ɗin wurin ya tsufa ya ƙandare, iska tana satar hanya tana shiga ba tare da ta bi ta kan sensa ba. Ashe tun kafin in sayi komai wannan ce cutar da ke hana ta hawa, ni kuma na zo na ƙara mata wata a kai. Ya canza gaskit, ya wanke maƙogwaron totur da ya yi baƙi ƙirin. Kaya da aiki da na zuwansa gida, sidi 700, har da ɗan abin da na ba yara su ci wake da shinkafa.

Ba zan ce komai nasa na karɓa ba. Yana cikin aiki ya ce bari ya cire mini tamostat, ɗan abin da ke tsare hanyar ruwan sanyaya inji, gaba ɗaya, wai na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma bukata. Wannan maganar ta zama ruwan dare a wajen mafi yawan masu gyaranmu, kuma ban yarda da ita ba. Abin nan yana buɗewa ne a wajen digiri 82 don inji ya yi saurin kaiwa zafin aikinsa ya tsaya a nan. In babu shi, da safe ko a doguwar gangara inji yana zama da sanyi, kwamfuta kuma ta ci gaba da zuba mai kamar yanzu aka tayar. Na nuna masa zafin ruwan a waya yana zaune daram, na ce, "Baba, a bar shi, don Allah." Ya ce motata ce. Haka kuma ba shi da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da hannu yake ji, kuma shekarunsa sun ba shi wannan, amma yaransa da ke koyo ba su da shekarun. Inda muka haɗu shi ne kan matatar hayaƙi mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansar mota. Wani da ke zaune a rumfar ya ce a fasa a fitar da ita mota ta buɗe, Masta ya ce masa masu wannan shawarar yawanci abin da ke ciki suke so, domin akwai filatinam da faladiyam da rodiyam a jikinta kuma ana sayensu da tsada.

Cikin abu ukun da na saya, na'urar sidi 150 ce kaɗai zan sake saya ba tare da na yi shawara da kowa ba. Ba ta ƙara wa mota ko doki ɗaya, amma yanzu ina shiga Magazin da sanin abin da kwamfuta ta ce, ba a yi mini canke. Fulogin ba laifi, sai dai irin su ne dama motar ta zo da su, don haka gyara na yi, ba ƙari ba. Matatar iska ta takarda, batir, fulogi a kan inji mai sanyi, waɗannan zan ci gaba da yi a ƙofar gida. Duk abin da ya shafi tiredi a alminiyam, ko gano inda ciwo yake, na Masta ne.

Satin da ya wuce mun hau Mampong mu huɗu, na'urar sanyi a kunne, ta sauko giya ɗaya ta haye ba tare da na kai totur ƙasa ba. Alhajin da ke gaba ya tambaye ni ko sabon inji na sa. Jar matatar tana shago a kan buhunan wake, ɗan yayata ya ce zai zo ya ɗauka ya sayar wa wani abokinsa, har yau bai zo ba.