Sharhi kan ɗakin gwaje-gwajen da ya tsirar mini da irin okid mai takalmi

Duk mai sha'awar renon furen okid, wato orchid a Turance, da ya kai matakin yin barbara tsakanin tsirrai biyu da hannunsa, ba ya daɗewa sai ya gane cewa barbarar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin, wahalar kuwa tana farawa ne daga ranar da kwanson iri ya nuna. Wannan sharhi ya shafi wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa da ke karɓar kwanson iri daga hannun masu renon okid a gida, ya shuka shi a cikin kwalabe, sannan ya mayar wa mai shi da tsirran idan sun yi ƙwari. Na yi hulɗa da su a kan okid mai takalmi, kuma ra'ayina a taƙaice shi ne aikin hannunsu na ƙwararru ne, gaskiyarsu abin yabo ce, amma sadarwarsu da abokan ciniki tana da rauni matuƙa.

Okid mai takalmi dangi ne da ya ƙunshi jinsi biyar, amma biyu ne suka fi yawa a hannun masu reno, wato Paphiopedilum na Indiya da kudancin Sin da kudu maso gabashin Asiya, da kuma Phragmipedium na tsakiya da kudancin nahiyar Amurka. Leɓen furen ya kumbura kamar aljihu ko bakin takalmi, ƙwaro yana faɗawa ciki, kuma ba shi da mafita sai ta wata ƙuntatacciyar hanya ta baya, inda yake gogar macen furen tukuna kafin ya kwashi garin namiji ya fice. Mai barbara da hannu yana taƙaita wannan hanya ne kawai. Da tsinken sakace ake laƙato garin, wanda a wannan dangi yake da danƙo, daga ɗaya daga cikin kawunan namiji biyu da ke gefe da gefe a bayan garkuwar tsakiyar furen, a shafa shi a ƙarƙashin faifan macen ɗaya furen. Mutane da yawa suna yanke aljihun da reza domin su ga abin da suke yi, kuma hakan ba ya hana furen ɗauka. Idan ya ɗauka, furen yana yaushi, gindinsa ya ci gaba da kasancewa kore yana kauri a hankali, har tsawon wata shida zuwa shekara guda a yawancin Paphiopedilum, ko wata uku zuwa huɗu a Phragmipedium.

Abin da ya sa ake buƙatar ɗakin gwaje-gwaje shi ne irin okid ba ya ɗauke da guzurin abinci kamar sauran iri. Ƙura ce kawai mai ɗan tayi a tsakiya, kuma a daji ba ta tsira sai wani nau'in funfuna na ƙasa ya shige ta ya ciyar da ita. Masanin tsirrai ɗan Faransa, Noël Bernard, shi ne ya gano wannan alaƙa a 1899, sannan a 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa za a iya tsirar da irin ba tare da funfunar ba, muddin an shuka shi a kan daskararren abinci mai sukari da gishirin ma'adinai a cikin kwalbar da babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Sukarin da ke ciyar da irin shi ne kuma ke ciyar da kowace ƙwayar cuta da ta faɗa daga iska, kuma ita ta fi irin saurin girma nesa ba kusa ba. Wannan tsabta ce mutum yake saye idan ya kai kwansonsa ɗakin gwaje-gwaje. Ga Paphiopedilum kuma akwai ƙarin dalili, domin ba ya yarda a yawaita shi ta hanyar yankar ɗan ɓangaren jikin tsiron a rene shi a kwalba kamar yadda ake yi wa yawancin okid na kasuwa, saboda haka iri shi ne babbar hanyar samun tsirrai masu yawa.

Umarnin da suka ba ni kafin aikawa ya nuna cewa sun san aikinsu. Sun nemi a tsinko kwanson yana kore kafin ya tsage, a naɗe shi da takarda busasshiya a saka a ambulan, kada a saka shi a leda domin gumi yana jawo ruɓa. Hikimar ita ce cikin kwanson da bai buɗe ba tsabtatacce ne, bayansa kawai za a wanke da bilic ko a ƙona da barasar asibiti, alhali busasshen iri dole a jiƙa shi kansa a cikin maganin, kuma wani kaso nasa yana mutuwa a wurin. Sun kuma nemi ranar barbara da sunayen iyayen biyu, uwa a farko uba a baya, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, tare da bayanin inda aka samo kowannensu. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta neman fitina ba ce, domin Paphiopedilum da Phragmipedium duka suna cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, jerin da ya ƙunshi halittun da cinikinsu ya fi barazana ga wanzuwarsu, kuma sassaucin da aka yi wa tsirran cikin kwalba ya rataya ne a kan cewa an samar da su ta halastacciyar hanya.

Inda suka fi burge ni shi ne yadda suka yi da kwanson da na fi ɗora wa buri cikin biyun da na aika musu. Uwar tana cikin manyan gauraye na Paphiopedilum, wato tsirran da aka samu ta haɗa nau'o'i daban-daban, masu faffaɗan fure zagayayye, waɗanda aka shafe fiye da ƙarni ana cuɗanya kakanninsu, kuma kwanson ya yi kauri ya yi kyau a ido. Da suka buɗe shi suka duba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai suka aiko mini da hoto wanda ya nuna ƙwayoyin irin dogaye ne sirara, haske yana ratsa su daga baki zuwa baki, ban da 'yan ƙalilan da ke da ɗigon duhu a tsakiya. Ɗigon nan shi ne ɗan tayin, sauran kuwa ƙaiƙayi ne. Sun faɗa mini ƙarara cewa da wuya a sami abin kirki, suka bar mini zaɓi ko a shuka ko a bari, alhali da sun so da sun yi shiru sun shuka sun karɓi ladansu, bayan rabin shekara su ce Allah bai nufa ba. Irin wannan rashin haihuwa sananne ne a manyan gauraye, domin yawan ƙwayoyin gado na kuromozom ya bambanta tsakanin nau'o'in Paphiopedilum, da yawa suna da 26, wasu kuma sun haura 30, kuma idan aka daɗe ana cuɗanya su sai a sami tsiro mai kyawun fure amma ƙarancin iri. Babu ɗakin gwaje-gwajen da zai gyara abin da zaɓin iyaye ya ɓata, kuma na ji daɗi da ba su yi mini alkawarin hakan ba.

Ɗaya kwanson, wanda ya fito daga haɗin tsirrai biyu masu launin fari da kore na zuriyar Maudiae, shi ne ya nuna ingancin hannunsu. Maudiae tsohon gauraye ne na nau'o'in Paphiopedilum biyu, callosum da lawrenceanum, da aka sani tun 1900, yana da saurin girma da sauƙin hali, kuma shi ya fi dacewa da mai fara barbara. Sun ajiye kwalbar farko a cikin duhu na ɗan lokaci, kamar yadda masu wannan aiki da yawa suke yi wa Paphiopedilum, har irin ya kumbura ya zama ƙananan dunƙule farare, sannan suka fito da ita haske suka zama kore. Daga nan aka tsince su ɗaya bayan ɗaya zuwa sababbin kwalabe masu sabon abinci. A duk kwalaben da suka dawo hannuna ban ga ɗigon funfuna ko yauƙin ƙwayar cuta ba, ganyayen sun fito da zanen nan mai dabbare-dabbare na zuriyar, saiwoyin kuma masu kauri ne da gashi, bakinsu fari, alamar suna kan girma. Abincin da suka zuba baƙi ne saboda garin gawayin da ke ciki, wanda ke tsotse gubar da saiwoyi ke fitarwa, kuma da na jiƙa shi da ruwa mai ɗumi ya saki saiwoyin ba tare da karya su ba.

Sai dai fa samun labari daga wurinsu aiki ne mai zaman kansa. Daga shuka zuwa dawowar kwalba ana ɗaukar fiye da shekara guda, wannan kowa ya sani kuma ba laifinsu ba ne, amma a tsawon wannan lokaci ba su taɓa aiko da bayani don kansu ba, sai na tambaya, kuma amsar kan zo a makare, gajera, ba tare da hoto ba. Mutumin da ya ba da amanar kwanson da ya yi wata da watanni yana gadi ya cancanci a sanar da shi aƙalla a matakai uku, wato lokacin da iri ya tsira, lokacin da aka canza kwalba, da lokacin da ya kusa isa aikawa. Wannan shiru yana da illa a aikace, domin mai reno yana buƙatar sanin lokacin isowar tsirran don ya tanadi ɓawon itace ƙanana da gansakuka da tukwane da wurin da ke da laima, kuma ya kauce wa karɓarsu a tsakiyar tsananin zafi ko sanyi.

Ƙorafina na biyu shi ne cunkoso. Sun cika wasu kwalaben fiye da kima, manyan tsirran suka danne ƙanana, saiwoyi suka sarƙe har ba a iya raba su sai da asara. A irin wannan hali gara a dasa su a dunƙule cikin tukunya ɗaya a bar su shekara guda kafin a raba, abin da na yi ke nan kuma ya yi amfani, amma da an tambaye ni tun farko da na zaɓi ƙarancin tsirrai masu ƙarfi a kowace kwalba. Takardar bayanin da ta biyo kayan ma gajera ce ƙwarai, ba ta ce komai ba game da yadda ake saba wa tsirran da iskar waje a hankali, alhali a makonnin farko ne aka fi yin asara, tun da ganyen da ya tashi a cikin rufaffiyar kwalba bai saba riƙe ruwa ba.

Lakabin da ke jikin kowace kwalba, a ɗaya ɓangaren, cikakke ne, yana ɗauke da sunayen iyaye da ranar shuka da lambar aiki, an rubuta shi da tawadar da ba ta gogewa. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda sabon shiga zai zata, domin tsiron Paphiopedilum mai sauƙi yana ɗaukar shekara uku zuwa biyar daga iri kafin ya yi furen farko, masu fure da yawa irin su rothschildianum na dutsen Kinabalu a tsibirin Borneo kuwa sun fi haka daɗewa. Idan haɗin sabo ne, ba za a iya yi masa rajistar suna a wurin ƙungiyar Royal Horticultural Society ta Ingila ba, wadda ke riƙe da kundin gaurayen okid na duniya, sai ya yi fure kuma an tabbatar da iyayensa. Tun daga Harrisianum, gaurayen farko na Paphiopedilum da John Dominy ya haɗa kuma ya yi fure a 1869, an yi rajistar dubban haɗe-haɗe, saboda haka yana da kyau mutum ya bincika kundin kafin ya ɗauki tsinke, domin mai yiwuwa abin da yake ganin sabo ne yana da suna tun kafin a haife shi.

Ga wanda yake yin barbara ɗaya ko biyu a shekara, kuma ba shi da niyyar sayen tukunyar turara kayan aiki da akwatin tace iska, ina ganin wannan sabis ɗin ya cancanci a gwada shi. Shawarata ita ce a rubuta sharuɗɗa tun kafin a aika da kwanson: adadin tsirran da ake so a kowace kwalba, lokutan da za a riƙa aiko da hoto, da watan da ake son a karɓi kayan. Wanda kuma yake da kwanso mai daraja ƙwarai, zai fi masa kwanciyar hankali ya yi barbarar a kan fure biyu, ya aika da kwansunan wurare daban-daban.